Kalmar "guy" ta Turanci: tambayoyi da amsoshi

Na daɗe ina koyar da Turanci, kuma cikin ƙananan kalmomin da ɗalibai suke dawo mini da su babu kamar "guy". Harafi uku ce kacal. Tana cikin kowane fim, tana cikin saƙonnin WhatsApp, amma littafin aji bai kula ta ba, sai yaro ya tsince ta a titi ya riƙa jefa ta inda ta dace da inda ba ta dace ba. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini a kanta, wasu a aji, wasu ta waya, wasu kuma daga iyayen da suka ji ta a bakin 'ya'yansu suka rasa gane ko zagi ce.

Malam, mece ce ma'anarta a taƙaice?

Namiji, mutum, wani. Idan Ba'amurke ya ce maka "a guy came to see you", abin da yake nufi shi ne wani ya zo nemanka. Ba ta nuna shekaru sosai, domin saurayi ɗan shekara 18 da magidanci ɗan shekara 50 duk ana kiransu da ita a bayan ido. Ba ta nuna arziki ko talauci, ba yabo ba ce, ba kuma suka ba ce. Abin da ke cikinta shi ne sakin jiki. Kalmar majalisar abokai ce, ta teburin mai shayi, ta hira tsakanin tsara da tsara. Turanci yana da "man", wadda ke tsaye a tsakiya tana shiga ko'ina, yana da "gentleman" ta girmamawa, sai wannan da ke ƙasa da su wajen nauyi. Wanda ya gane wannan matakala ta hawa uku ya gane rabin zancen.

Yaya ake furta ta?

Kamar farkon kalmar "gaisuwa": gai. Jam'inta "guys" kuma gaiz, da sautin z a ƙarshe.

A nan ina roƙon mai karatu ya natsu. Akwai wata kalma, "gay", harafi ɗaya ne ya raba su a rubuce, kuma wasalinta ya fi kusa da na farkon kalmar "gero". A Turancin yau ma'anarta namijin da ke sha'awar namiji ɗan'uwansa. Na sha ganin ɗalibi yana so ya yabi abokinsa a Facebook, ya rubuta "a" inda ya kamata ya rubuta "u", magana ta zama wata daban, har ta kai ga ɓacin rai tsakanin mutanen da ba su nufi juna da komai ba sai alheri. Kafin ka tura, duba harafin tsakiya.

Da gaske ne asalinta sunan wani mutum ne?

Da gaske ne, kuma labarin ba na wasa ba ne. Sunansa Guy Fawkes, an haife shi a birnin York na Ingila a 1570. A zamaninsa ƙasar ta rabu tsakanin ɗariƙu biyu na Kiristanci. Mulki yana hannun 'yan Furotesta, 'yan Katolika kuwa suna cikin matsi: ana cin su tara idan ba su halarci cocin gwamnati ba, limamansu suna ɓuya a gidajen mutane. Fawkes ya koma Katolika, ya tsallaka teku ya shiga rundunar Sifaniya, ya yi shekaru yana yaƙi a yankin da yau ake kira Beljiyam da Holan. A can ya ƙware a harkar albarushi.

Da Sarauniya Elizabeth ta farko ta rasu a 1603, Sarki James na Sikotilan ya gaje ta. 'Yan Katolika sun sa rai zai sassauta musu, sai suka ga shiru. Wani mai suna Robert Catesby ya tara mutane, har suka kai su 13, suka ƙulla cewa ranar buɗe majalisa za su tashi ginin da sarki da manyan ƙasa gaba ɗaya, sannan su ɗora 'yar sarkin, wadda yarinya ce ƙarama, a kan gadon sarauta su riƙa juya ta. Suka kama hayar wani ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin zauren majalisar masu sarauta, suka jibge ganga 36 na albarushi, suka rufe da itacen wuta da gawayi. Fawkes ba shi ne shugaba ba. Aikinsa shi ne gadin kayan da kunna lagwani.

Asiri ya tonu ne ta wata wasiƙa marar sa hannu da aka aika wa wani basarake, Lord Monteagle, ana gargaɗinsa kada ya je majalisa ranar. Shi kuma ya kai wa hukuma. Aka bincike ginin, cikin daren da ya wayi 5 ga Nuwamba 1605 aka kama Fawkes a wurin. Ya ce sunansa John Johnson. Sai da aka yi kwanaki ana gana masa azaba a kurkukun Hasumiyar Landan kafin ya faɗi sunansa na gaskiya da na abokan shirinsa. An kashe shi ranar 31 ga Janairu 1606. Har gobe, kafin sarkin Ingila ya buɗe majalisa, dogarawan fada sukan zaga ƙasan ginin da fitilu, al'adar da ta samo tushe daga wannan dare. Farar fuskar nan mai siririn gashin baki da masu zanga-zanga suke sawa a ƙasashe da yawa, ita ma siffarsa ce aka zana.

To ta yaya sunan wanda aka kashe saboda cin amanar ƙasa ya zama sunan kowa da kowa?

Ta hannun yara. A farkon 1606 majalisa ta kafa doka cewa kowace shekara a yi godiya ga Allah ranar 5 ga Nuwamba saboda kuɓutar sarki, kuma dokar ta zauna har 1859. Mutane suka riƙa hura manyan wutace a fili suna ƙona mutum-mutumi. Da farko an fi ƙona na Fafaroma, daga baya na Fawkes ya karɓe wurin. Yara ne suke haɗa shi: a samo tsohon wando da yagaggiyar riga, a cusa ciyawa ko tsumma, a ɗora masa hula, kamar dai wanda manomi ke kafawa a gona don korar tsuntsaye. Sai su ɗauke shi suna zagaya unguwa suna cewa "a penny for the guy", wato a ba mu kwabo don mutum-mutuminmu, su tara kuɗin su sayi kayan wasan wuta. Wanda ya taɓa ganin yaran tashe suna bin gida-gida cikin azumi zai iya hango yanayin, ko da yake dalilan biyu ba su haɗa hanya ba. Har yanzu ana bikin, kuma na garin Lewes da ke kudancin Ingila ya fi kowanne suna.

Daga nan kalmar ta fara tafiya. A farkon shekarun 1800 "guy" na nufin wannan mutum-mutumin. Wajen shekarun 1830 Ingilishi suka fara kiran duk wanda ya yi shiga marar kan gado da ita, kamar yadda za mu kalli wani mu ce ya fito kamar dodon gona. Zagi ne a lokacin, ko aƙalla ba'a.

A Amurka dafin ya fita. Su ma sun taɓa yin bikin a garuruwa irin su Boston, amma ya mutu a zamanin yaƙin neman 'yanci. George Washington, jagoran sojojin Amurka a wannan yaƙin, da kansa ya tsawata wa sojojinsa a kai a 1775, domin yana neman goyon bayan 'yan Katolikan Kanada. Da bikin ya tafi, sai kalmar ta rage ba tare da labarinta ba. Daga shekarun 1840 aka fara jin ta da ma'anar wani mutum kawai, da farko a bakin 'yan titi da talakawan birni, sannan ta hau sama a hankali. A ƙarni na 20 finafinan Amurka suka yaɗa ta duniya, har suka mayar wa Ingila ita da sabuwar ma'anarta.

Zan iya ce wa malamina, ko shugabana a wurin aiki, "guy"?

A'a, ɗan'uwa. Wannan ce amsar da na fi so a riƙe cikin duk abin da ke wannan shafi.

Ka auna da Hausa. Za ka tsaya gaban mahaifin abokinka ka ce "kai, gayen nan"? Ba za ka iya ba, bakinka ma ba zai ɗauka ba. Baba za ka ce, ko Alhaji, ko Malam, ka rusuna, ka bi da "ranka ya daɗe". Matsalar ita ce idan mutum ya shiga harshen da ba nasa ba, wannan kunyar da ke tsare bakinsa takan kwanta, domin kalmomin ba su da nauyi a kunnensa. Ya ji jarumin fim ya faɗa wa kowa, sai ya ɗauka ta kowa ce. Turanci ma yana da nasa ladabin, illa dai ba a inda muke ajiye namu yake ajiye shi ba.

Na taɓa zama a wata tantancewar ɗaukar ma'aikata. Wani matashi mai ilimi, takardunsa ba su da makusa, aka tambaye shi wa ya koya masa aikin. Ya ce "one guy in my former office". Mutumin da yake nufi dattijo ne da ya riƙe shi shekara uku kamar ɗansa. Na ga fuskokin waɗanda ke teburin sun sauya. Yaron ba raini ya nufa ba, na tabbata da a Hausa aka tambaye shi da "maigidana" zai ce, har ya ƙara da addu'a. Abin ya tsaya mini a rai har yau, saboda ba halinsa ne ya kayar da shi ba, kalmar da ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya bayyana masa ce.

Ga wanda ya girme ka ko yake sama da kai, "sir" za ka ce, mace kuma "madam" ko "ma" kamar yadda aka saba a Najeriya. Idan labarinsa kake bayarwa, ka ambaci matsayinsa: "my teacher", "my supervisor", ko "the gentleman". Gaskiya ne a wasu kamfanonin Amurka ƙaramin ma'aikaci yakan kira shugabansa da sunan yanka, ya ce da shi "great guy" a gaban kowa. Wannan al'adar gidansu ce. Idan ka shiga irin wurin, ka saurara tukuna, ka bari su fara.

Malam, ni mace ce, kuma abokiyar aikina Baturiya takan ce mana "you guys" alhali dukanmu mata ne. Kuskure take yi?

Ba kuskure ba ne, 'yar'uwa. Sai dai a raba tilo da jam'i. "A guy" namiji ne har yanzu. Ba a nuna mace ɗaya a ce "that guy". Amma idan ana yi wa taro magana kai tsaye, "guys" ko "you guys" ta haɗa maza da mata, har ma mata zalla. Uwa takan ce wa 'ya'yanta mata haka, ƙawaye sukan ce wa juna.

Dalilin yana da daɗin sani, musamman ga Bahaushe. Mu muna da kai, muna da ke, muna da ku. Da na buɗe baki kin san ko da ke kaɗai nake ko da ku duka. Turanci ma ya taɓa samun irin wannan: "thou" ta mutum ɗaya, "ye" da "you" na jama'a. Wanda ya karanta tsofaffin fassarorin Alƙur'ani na Turanci ya ci karo da su, haka ma fassarar Baibul ta 1611 da aka yi da umarnin wannan Sarki James ɗin da aka so hallakawa. Sai aka fara ce wa babban mutum "you" don girmamawa, kamar yadda a wasu gidajenmu ake ce wa uba ko suruki "ku". A hankali kowa ya so a girmama shi, "thou" ta zama ta raini, cikin ƙarni na 17 ta fice daga maganar yau da kullum. Aka wayi gari kalma ɗaya ce ke ɗauke da kai da ke da ku.

Harshe kuwa ba ya haƙura da giɓi irin wannan. Kowane yanki ya ƙera abin toshewa. Kudancin Amurka suna cewa "y'all", a Ayalan da birnin Liverpool ana jin "youse", mutanen birnin Pittsburgh na Amurka suna da "yinz", Turancin buroka na Najeriya yana da "una". Wadda ta fi su yaɗuwa ita ce "you guys". Saboda haka abokiyar aikinki "ku" kawai take cewa.

Amma na ji wasu matan ba sa son ta.

Haka ne, kuma hujjarsu abin saurare ce. Suna cewa kalmar maza ce aka shimfiɗa a kan kowa, alhali ba wanda zai shiga taron maza ya kira su da kalmar mata su yi shiru. Wasu matan kuma ko a jikinsu, su ne ma kan gaba wajen faɗinta. Wasu dattawan ma ba sa jin daɗi idan yaron da ke kawo abinci a gidan cin abinci ya ce musu "you guys". Ni abin da nake yi, idan ban san mutane ba ko taron ya haɗa manya, sai in ce "everyone" ko "all of you". Ba sa ɓata wa kowa, kuma ba su rage komai daga saƙon ba.

"Gaye" da "gayu" da muke faɗi a Hausa, daga nan suka fito?

Daga nan ne. Hausa ba ta cika son kalma ta ƙare ba wasali sakakke ba, shi ya sa muke da bokiti da burodi da kotu. Haka gai ta zama gaye, ta samu jam'i gayu, ta haifi ɗan gaye da 'yar gayu, har aka samu "ya ci gayu" da "ta iya gayu". Kalma idan ta kai ga haihuwa irin wannan ta zama 'yar gida.

Ma'anar ce ta ɗauki wata hanya. A Turancin Afirka ta Yamma, a Najeriya da Gana, "guy" ta daɗe tana nufin matashi wayayye mai ƙwalisa, irin samarin birni da suka tashi da kallon finafinan kaboyi a gidajen silima suna kwaikwayon tafiyar jaruman da karkata hularsu. Wannan ma'anar ce ta fara shigowa Hausa. Ɗan gaye shi ne mai guga kamar wuƙa, takalmi na sheƙi, turare na riga shi isowa. A bakin dattawa takan ɗauki ɗan zargi, wato yaron da ado ya fi aiki yawa a wurinsa. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne tazarar tafiyar: kalmar da a dā a Landan take nufin mai yagaggun tsummokara, ita ce a Kano take nufin wanda ya fi kowa iya sa kaya.

Matasan yanzu sun ƙara mata ma'ana ta biyu, wadda ta yi daidai da ta Amurka. Idan yarinya ta ce "wani gaye ne ya kawo saƙon", ba adonsa take nufi ba, wani saurayi kawai take nufi. Sai a kula kada a mayar da ma'anar adon cikin Turancin waje. Idan ka ce wa Ba'ingilishe "he is a guy" kana nufin ɗan ƙwalisa ne, abin da zai ji shi ne "namiji ne", ya tsaya jiran sauran maganar. Haka "guy man" ta buroka, mai wayon tsiya ko ɗan damfara, ba a san ta ba a Landan ko New York.

Akwai maganganun da take shiga ma'anarta ta sauya?

Da yawa. "Good guy" da "bad guy" su ne jarumi da bos a fim, kuma ana aron su a siyasa da labarai. "Nice guy" mutumin kirki ne mai sauƙin kai, amma a kula da murya, domin wani lokaci ana nufin mai sanyin da kowa ke takawa. "Tough guy" mai nuna ƙarfi ne, sau da yawa da ba'a ake faɗi, kamar mu ce "sannu ƙaƙƙarfa". "Wise guy" kuwa tarko ce ga mai koyo: ba mai hikima ba ne, mai iya yi ne, mai baki da yawa da ke ganin ya fi kowa sani, kuma a Amurka ana kiran 'yan ƙungiyar mafiya da ita. Kada ka yabi malaminka da wannan.

"Fall guy" shi ne wanda aka ɗora wa laifi manya suka sha, irin wanda za mu ce an yi kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. "The little guy" a bakin 'yan siyasa talaka ne, ƙaramin ɗan kasuwa ko ma'aikaci da ba shi da kowa a sama, amma a cikin gida ana faɗa wa jariri ko ɗan kyanwa don ƙauna. Sai kuma wadda ake laƙaba wa sana'a: "the delivery guy" mai kawo kaya, "the computer guy" mai gyaran kwamfuta. Wannan daidai take da "mai" tamu, ta mai ruwa da mai nama. Tana da amfani idan ba ka san sunan mutum ba, amma wanda kuke aiki tare kullum, ya fi kyau ka koyi sunansa.

Mene ne bambancinta da "bloke", "chap", "dude", "mate" da "fellow"?

Duk dangin juna ne, gari ne ya raba su. "Bloke" ta Ingila ce da Ostireliya da New Zealand, ma'anarta kusan ɗaya da "guy", tana ɗauke da hoton mutum na kowa, marar girman kai. Ana ba da labarin mutum da ita, ba a kiransa da ita. A bakin Ba'amurke baƙuwa ce.

"Chap" ma ta Ingila ce, amma ta tsufa, ta fi zama a bakin dattawa da masu hali. An gutsuro ta ne daga "chapman", tsohuwar kalmar ɗan kasuwa ko ɗan koli. "Fellow" ta fi su shekaru. Daga harshen mutanen arewacin Turai na dā ta shigo, asalinta wanda kuka haɗa jari da shi. "Mate" kuwa asalinta abokin cin abinci, wanda kuke sa hannu a akushi ɗaya, kuma ita ce Ingilishi da 'yan Ostireliya suke kiran mutum da ita kai tsaye, ko sun san shi ko ba su san shi ba. Duba yadda kasuwa da kwanon abinci suka haifi kalmomin abota. Mu ma ai abokin ciniki da abokin cin tuwo muke cewa.

"Dude" ita ce labarinta ya fi kama da na gayenmu, sai dai a juye. Ta yi tashe a New York a 1883 da ma'anar ɗan ƙwalisa mai wuce gona da iri wajen ado. Makiyayan yammacin Amurka suka riƙa kiran ɗan birnin da bai iya hawan doki ba da ita. Daga baya matasa, musamman na Kalifoniya, suka mayar da ita kalmar kiran aboki. Ta fi "guy" yarinta, saboda haka duk inda na ce kada a faɗi "guy", to "dude" ta fi haramta.

A Najeriya muna cewa "Guy, how far?" Haka Turawa ma suke kiran juna?

Ba sosai ba. Kiran mutum ɗaya da ita kai tsaye salon nan gida ne, kuma daidai ne tsakanin abokai a Legas ko Abuja ko Jos. A Amurka "hey, guy" ga wanda ba ka sani ba takan zo da ɗan kaushi, kamar mai neman magana. Su "man" ko "buddy" ko "bro" suke cewa. "My guy", wato mutumina, ita kam ana jin ta a can da nan.

Zan iya rubuta ta a jarrabawar WAEC ko NECO?

A wasiƙar hukuma, da muhawara, da rahoto, da takardar neman aiki, kada ta fito ko sau ɗaya. A wasiƙar zumunci zuwa ga aboki tana iya shiga, haka a cikin labari idan ka sa ta a bakin wani matashi tsakanin alamun zance. Ko a nan ɗin ina shawartar ɗalibaina su taƙaita, saboda mai duba takarda yana so ya ga yawan kalmomin da ka mallaka, kuma yaron da ya rubuta "guy" sau goma ya ɓoye "neighbour" da "stranger" da "classmate" da ya sani.

Idan ina fassara zuwa Hausa, da wace kalma zan maye ta?

Babu guda ɗaya da za ta wadatar, sai ka dubi mai magana da wanda ake magana a kansa. "A guy" a farkon labari "wani" ce, ko "wani mutum". Idan da tausayi a ciki, "wani bawan Allah". Idan da ƙosawa, kamar mai cewa "this guy again", to "talikin nan" ko "mutumin nan" ta fi kamawa. Tsakanin matasan birni "gayen" ta zauna daram, amma ka sa ta a bakin tsoho ɗan shekara 70 a ƙauye, mai karatu zai ji ƙarya. "He's a good guy" mutumin kirki ne. "Guys, let's go" kuwa "ku zo mu tafi" ta isa, ko "jama'a, mu tafi". Kuskuren da na fi gani a fassarar finafinai da ta labarai shi ne a mayar da kowace "you guys" ta zama "ku maza" ko "ku samari", alhali a cikin waɗanda ake yi wa maganar har da mata. "Ku" kaɗai ta ɗauke nauyin.

Na ga "guy rope" a takardar da ta zo da tanti. Ita ma daga Fawkes take?

A'a, kama ce kawai ta rubutu. Wannan igiyar da ake ɗaure tanti ko turken eriya da ita ce don kada iska ta kayar, kuma ta girmi Fawkes a harshen. Danginta su ne kalmomin jagora da riƙe abu ya tsaya daidai. Akwai kuma Guy sunan yanka, wanda har yanzu ake raɗa wa yara a Ingila da Faransa, da babban harafi ake rubuta shi. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci sun san shi, amma su "Gi" suke furtawa. Idan suna neman takwarar "guy" ta hira a Faransanci, "mec" ce ko "gars".

Wani Bature da muke aiki tare, wanda na girma da shekara goma, ya gabatar da ni ga baƙi ya ce "this is the guy I told you about". Raina ni ya yi?

Ban ga raini a nan ba, Alhaji. A wurinsa wannan jimla yabo ce ma: ga mutumin nan da nake ba ku labari, wanda ya san aikin. Da yana so ya nisanta ka da kansa, da sunan mahaifinka zai kira ka da "Mr" a gaba. Idan duk da haka abin bai kwanta maka ba, kana da damar ka gaya masa cikin natsuwa, ku biyu, yadda kake so a riƙa gabatar da kai a gaban baƙi, ko da sunanka ko da muƙaminka. Yawancinsu sukan karɓa nan take, domin ba su san akwai abin gyara ba sai an faɗa musu.